Gyambon ƙafa ya ƙi warkewa: me za a sa masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da gyambo a saman idon sawu ta ciki, wata 7 ke nan. Ƙafar tana kumbura da yamma, fatar wurin ta yi baƙi, ruwa yana tsattsafowa. Da Dettol muke wankewa, mu barbaɗa garin kafso, amma sai faɗi yake ƙarawa. Me za mu shafa?
Mai karatu daga Gwammaja

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Alamomin nan sun yi kama da gyambon jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya. Idan 'yan ƙofofin cikinsu sun saki, jini ya kan taru a ƙasa, ƙafa ta kumbura, fata ta fashe. Muddin kumburin yana nan, duk tsadar abin shafawa ba zai rufe ciwon ba.

Ku daina Dettol da garin kafso tun yau, haka ma sifirit da toka. Dettol da sifirit suna kashe sabon naman da ke tohowa, kafso kuwa sai ya sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Ku wanke da ruwan gishirin asibiti, ko ruwan da aka tafasa ya huce, gishiri giram 9 a lita 1. A kwarara a hankali, ba dirza. A tsane gefe, a shafa man zinc a fatar da ruwan ke jiƙawa don kada ta saɓule, busasshiyar fatar ƙauri kuma Vaseline. Kan ciwon a shimfiɗa gozi, wato ƙyallen rufe ciwo, mai maiƙo wanda ba ya mannewa, sannan mai tsotse ruwa. Kada auduga ta taɓa naman. Zarenta yana maƙalewa, wajen cirewa ya ɗauko sabuwar fata. Idan ruwa ya huda waje a canza, in ba haka ba sau 2 ko 3 a mako ya isa.

Ainihin maganin shi ne ɗaurin matsi, wato naɗe ƙafa da bandeji mai matsewa, amma kada ku fara a gida. A kai ta asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a gwada ƙarfin jinin idon sawu da na hannu. Idan aka raba na idon sawu da na hannu, sakamako 0.8 zuwa 1.3 shi ke ba da damar cikakken matsi. Idan jini ba ya sauka ƙafa sosai, ɗaurin zai iya kashe ƙafar. A duba suga da sikila, domin su ma suna kawo gyambo. Nas ce za ta naɗa bandejin daga tushen yatsu har ƙasan gwiwa, kowane zagaye ya rufe rabin na baya. Bandejin kiref na kemis ba ya matsewa yadda ake so, da ta ɗan taka zai zame. Idan yatsu suka yi sanyi, suka mutu ko suka canza launi, a kwance ɗaurin nan take.

Hajiya ta riƙa kwanciya ta ɗora ƙafa kan filo sama da ƙirjinta, minti 30, sau 3 ko 4 a rana, ta kuma riƙa takawa a tsakar gida. Zaman kujera 'yar tsugunno yana ƙara kumburi.

Zazzaɓi, zafi mai ƙaruwa, mugunya ko kumburi mai hawa sama, a koma asibiti ranar. Idan an yi wata 3 ana ɗauri bai ragu ba, ko bakin ciwon ya tasa, a nemi a ɗebi naman a gwada.