Amsa: sabar nawa za su riƙe jagorancin Kubernetes?

Ɗan'uwa, ka ce kuna da sabar biyar, wato kwamfutocin da ke ɗauke da manhajojinku, a ofishinku nan Damagaram, kana son biyu su riƙe jagorancin Kubernetes, manhajar da ke rarraba ayyuka tsakanin sabar, uku su ɗauki aiki. Don Allah kada ka tsaya a biyu.

Duk bayanan rukunin sabar ɗin suna cikin etcd, ma'ajiyar bayanai da ke kan kowace sabar jagoranci, ita kuwa ba ta karɓar rubutu sai da amincewar rinjayen masu jagorancin. In biyu ne, rinjayen biyu ne, ɗaya ta faɗi jagorancin ya tsaya cak. In uku ne, rinjayen biyu ne har yanzu, ɗaya na iya mutuwa aiki ya ci gaba. Sa uku. In biyun da suka rage sun yi kaɗan, masu jagorancin ma suna iya ɗaukar ayyuka marasa nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Na taɓa jona ukun kan batiri ɗaya, ya mutu da zafin Afrilu, duka suka ɗauke tare. Raba musu batiri.

Kafin ka kashe wata sabar don kakkaɓe ƙurar hunturu, yi mata kubectl drain, umarnin da ke kwashe ayyukan da ke kanta su koma kan sauran, kuma kullum ka kwafi etcd ka ajiye a wata na'ura dabam.