Biskit da lemon kwali, ko alale da ƙwai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tudun Jukun, Zariya, yarana uku suna firamare. Kullum biskit da lemon kwali nake saya musu, don in na zuba abincin gida sai ya dawo yadda ya tafi, wai 'yan ajinsu na yi musu dariya. Me ya kamata in riƙa saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Yawancin lemon kwalin nan ruwa ne da sukari da kala, yaro zai sha, kafin a tashi yunwa ta dawo. Kuɗin da kike kashewa a kansa a mako ki kai Kasuwar Sabon Gari ki auno wake. Daga shi za ki fitar da alale, ƙosai da ɗanwake, ki riƙa sauyawa da awara ko dafaffen ƙwai. Wake na da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kuma jiki ya fi ɗaukarsa in an haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba. Shayi kuwa rage ɗaukarsa yake yi, sai a raba su. In za ki sayi man girki, ki duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da tambarin ido, alamar an ƙara masa bitamin A. Gyaɗa da ƙuliƙuli suna da kyau, amma duk wadda ta yi fumfuna ki zubar, gubarta hanta take taɓawa, suya ba ta kashe ta.

Dariyar ce babbar matsalar, kuma ba a kicin ɗinki za a magance ta ba. Lokacin da gwamnatin Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a Janairun 2016, abin da ya fi burge ni shi ne aji guda na cin abu guda, ba mai raina na wani. Wannan ba sai da gwamnati ba. Ki kai maganar taron iyaye da malamai, ku tsayar da kwana biyu a mako da kowa zai zo da girkin gida, malami ma ya ci nasa a gabansu. Ku kuma zauna da matan da ke talla a bakin get. Ciniki suke nema, in iyaye suka ce awara da dafaffen dankali suke so, su za su kawo.

Kada ki yanke biskit ɗin rana ɗaya, rigima za ki jawo. Ki bar musu na Juma'a. Alale kuma ki tura shi da ɗuminsa, a cinye a tara ta farko, don zafin bazarar Zariya ba ya barinsa ya kai azahar.