Hannun jari a man teku: ruwan na wace ƙasa ne?

Wani Alhaji mai fataucin aya da wake a nan Maraɗi ya aiko da tambaya. Ɗan ƙanensa da ke Abijan ya kawo masa maganar zuba sefa miliyan 5 a wani ƙaramin kamfani mai neman mai a teku, a yankin da ƙasashe biyu ke jayayya a kansa. An ce da zarar mai ya fito, kuɗin za su ninka. Ya shiga ko ya bari?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ka bari, muddin kuɗin da kake juyawa ne.

Ka san wanda ya sayi gonar da ake shari'a a kanta, ko ya shuka, bai da tabbacin shi zai girbe. Lasisin kamfanin nan ƙasa ɗaya ce ta ba shi, ɗayar ba ta san da zamansa ba. Dubi Gana da Kodibuwa. A Afrilun 2015 kotun dokokin teku da ke Hambug ta hana haƙa sabuwar rijiya a inda suke taƙaddama, sai kamfanin Tullow, mai haƙar mai a wurin da lasisin Gana, ya tsaya da rijiyoyin da ya riga ya haƙa. Hukunci bai fito ba sai Satumban 2017. Gana ce ta yi nasara, amma fa an ci sama da shekara biyu ana jira. A lokacin Tullow na da ƙarfin jure haka. Ƙaramin kamfani mai lasisi guda, bashi ne zai cinye shi kafin alƙali ya buɗe baki, masu ƙananan hannun jari kuma su ne na ƙarshe a layin biya.

Wani lokacin ma hukuncin ba ya kashe wutar. A 2021 kotun duniya ta raba wa Kenya da Somaliya iyakar teku, Kenya ta ce ba ta yarda ba. A 2018 kuwa jiragen yaƙin Turkiyya ne suka tare jirgin haƙar kamfanin Eni a ruwan Saifurus, dole ya juya.

Mu nan ba baƙi ba ne ga irin wannan. A 2024 ɗanyen manmu na Agadem ya bi bututu har bakin teku a Seme ta ƙasar Benin, Benin ta hana lodi saboda rikicin rufe iyaka. Kai kanka ka ga yadda motoci suka yi cirko-cirko a hanyar Ɗan Isa da aka rufe iyaka a 2023.

In zuciyarka ta nace, sa yaron ya kawo maka amsa a rubuce. Wace ƙasa ta ba da lasisin? An shata iyakar, ko aƙalla ƙasashen sun yi yarjejeniyar raba amfani, kamar yadda Senegal da Muritaniya suka raba gas ɗin iyakarsu rabi da rabi? Sannan ranar da kake buƙatar kuɗinka, wa zai sayi hannun jarin? Wannan ta ƙarshen ce ta fi damuna, don buhun aya ko da faɗuwa ne za ka sayar a mako guda, takardar kamfanin da ba ya cikin kasuwar hannun jari kuwa sai ka shekara ba mai taya ta.

Kada ka tura ko dala ta waya zuwa asusun wani mutum. Ka bi ta dillalin da hukumar AMF-UMOA, mai sa ido kan kasuwar hannun jari a ƙasashenmu na sefa, ta ba izini, kuma ka ga takardar izinin da idonka.