Amsa ga mai tambaya kan auna sauyin yanayin zuciya: ki kiyayi littafin takarda

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce kina so ki auna yadda yanayin zuciyar ma'aikatan jinya yake hawa da sauka a cikin yini, amma kin rasa hanyar da za ki ɗauka: ko a ba su littafi su riƙa cikewa, ko waya ta riƙa yi musu ƙara suna amsawa nan take, ko kuma washegari su zauna su tariyo yadda jiya ta kasance. Ga shi kuma malamin da ke duba aikinki yana cewa takardar tambayoyi ɗaya a ƙarshen wata ta wadatar. Maganar tasa ce ta hana ni wucewa ban tanka ba.

Takarda ɗaya a ƙarshen wata ba za ta nuna miki sauyi ba, ko da wa ya tsara ta. Abin da za ki samu shi ne abin da mutum ya iya tunawa, ko ma yadda yake ɗaukar kansa, "ni ai mai haƙuri ce", "ni ba na fushi". Redelmeier da Kahneman sun nuna haka tun 1996 da marasa lafiyar da aka leƙa hanjinsu da na'ura. Abin da ya zauna musu a rai shi ne lokacin da zafi ya kai ƙololuwa da kuma yadda aka ƙare, tsawon aikin bai wani shiga lissafinsu ba. To ma'aikaciyar da mara lafiya ya rasu a hannunta kwana biyu kafin ki miƙa mata takarda, me kike zato za ta ce game da watan gaba ɗaya?

Ni nawa malamin ya yarda a riƙa aunawa sau da yawa a yini, amma ya kafe sai da littafin takarda. Na kai masa binciken Stone da abokan aikinsa na 2002, wanda suka ɓoye na'urar gane haske a bangon littafin masu fama da ciwo mai daɗewa don su san lokacin da ake buɗe shi. A rubuce mutanen sun nuna sun cike kashi 90 cikin ɗari a kan lokaci, na'ura ta ce kashi 11 ne kacal. Waɗanda aka ba na'urar hannu mai ajiye lokaci da kanta kuwa sun kai kashi 94. Malamin nawa ko kallon takardar binciken bai yi ba. Cewa ya yi shi da takarda ya yi nasa digirin kuma ba wanda ya mutu, in daina kwaso masa abin da na tsinta a intanet. Na yi shiru, tunda sa hannunsa nake nema.

Ranar da na tattaro littattafan na baje su, jikina ya yi sanyi. Mako biyu cif da biro ɗaya, rubutu ɗaya, ko karkata bai yi ba, kamar mutum bai taɓa gajiya ko sauri ba. Wani ya jera uku, uku, uku tun daga shafin farko har na ƙarshe. Akwai wanda ya cike har da ranar da ba ta zo ba tukuna! Wata baiwar Allah ce ta gaya min gaskiya, ta ce a mota ta zauna ta cike duka kafin in iso, don kar in ji ba daɗi. Ban ga laifinta ba, tausayina ta ji. Na koma wurinsa da littattafan a hannu, ya ce in shigar da su kwamfuta haka nan, bayanai ai bayanai ne.

Sai ranar kare aiki. Mai jarrabawa na waje, tambayarsa ta farko ita ce ta yaya na tabbatar an cike kowane shafi a lokacin da aka rubuta a kansa. Na waiwaya na kalli malamina. Mutumin nan ya gyara zama, ya kalli rufin ɗaki, ya ce shi ma ya ja hankalina a kan wannan tun farko. A gaban kowa! Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya shaƙe. Ban iya cewa uffan ba, hawaye kawai nake dannewa, ina ji ana tattauna watannin da za a ƙara min kamar ba na cikin ɗakin. Da aka fito har da dafa kujerata yana cewa haka ilimi yake, sai da wuya. Duk wahalar da na sha ta zama aikin baban giwa, na sake tattara bayanai daga farko. Don Allah duk abin da kuka yanke da malaminki, ki tura masa ta imel ki ce ga abin da na fahimta a zamanmu na yau. Ki ajiye. Ko bai amsa ba ki ajiye.

To, hanyar ƙarar waya, wadda muka fi sani da ESM, ita na koma kuma ita nake ba ki shawara in har hawa da sauka kike nema. Ba sabon abu ba ne da malaminki zai ce yayi ne. Csikszentmihalyi da Larson sun fara ta a Chicago tun shekarun 1970 da 'yan na'urorin kira da ake ratayawa a ƙugu, Stone da Shiffman kuma suka fito da irinta a fannin lafiya a 1994 da sunan EMA. Yanzu akwai manhajoji irin su m-Path da movisensXS. Ki raba yini gida-gida, ƙarar ta zo a lokacin da ba a zata ba a cikin kowane gida, kuma tambayar ta rufe kanta bayan 'yan mintoci. In kin bar ta a buɗe, littafin takarda kika sake yi a cikin waya.

Kuma kar ki cika tambayoyi. Kowa tsoron yawan ƙarar yake ji, alhali tsawon tambayoyin ne ke gajiyar da mutane. Eisele da abokan aikinta a Leuven ta ƙasar Belgium sun gwada ƙara sau 3 da 6 da 9 a yini, da tambayoyi 30 ko 60, suka ga tsawon ne ya ƙara wa mutane nauyi ya kuma lalata amsoshi, yawan ƙarar bai yi hakan ba. Amma ɗalibai suka gwada, ki lura, ba mai aikin dare a ɗakin gaggawa ba. Na san za a ce ki sa PANAS, wato jerin kalmomin auna yanayin zuciya, saboda kowa ya san shi tun 1988, to kalmomi 20 ne, ki yi tunanin mai safar hannu tana amsa su sau shida a yini. Ki zaɓi kaɗan da suka shafi tambayarki, ki tambaye su "yanzu-yanzu", ban da "yau".

Inda hanyar za ta ba ki ciwon kai da ma'aikatan jinya shi ne, lokacin da hankalinsu ya fi tashi shi ne daidai lokacin da ba za su taɓa waya ba. Ƙarar da aka rasa ba haka kawai aka rasa ta ba. Sai ki ga bayananki sun nuna miki asibiti mai kwanciyar hankali, saboda masu hutu ne kawai suka amsa. A nan ne tariyo jiya, wato DRM, take da amfani. Kahneman da abokansa sun fito da ita a 2004 da mata ma'aikata 909 a Texas: mutum ya yanyanka jiyarsa kashi-kashi, ya faɗi abin da yake yi da wanda yake tare da shi da abin da ya ji. Tana da kyau wajen gano wane aiki ke tafiya da wane yanayi, a nasu binciken zirga-zirgar zuwa aiki ce ta zo ƙasa. Sai dai tana cin lokaci, minti 45 zuwa 75, kuma tunawa ce dai har yanzu, ba za ta nuna miki yadda ɓacin ran ƙarfe goma ya bi mutum har azahar ba. Mai aikin dare kuma, ina jiyarta ta fara ina ta ƙare? Da ni ce, ƙarar waya zan sa a matsayin ginshiƙi, sannan in ƙara 'yar gajeriyar tariyowa a ƙarshen kowane aiki don ta kamo abin da ƙarar ta rasa.

Agogon hannu mai auna bugun zuciya kuwa, kar ki dogara da shi shi kaɗai. Hawa bene da tsoro da murna duk suna ɗaga bugu.

Wani abu kuma, tunda na ga kin ambaci lissafin yadda yanayin zuciya ke daɗewa bai sauya ba da girman bambancin da ke tsakanin amsa da mai bi mata. Kafin ki gina babi guda a kansu, ki karanta Dejonckheere da abokansa na 2019. Sun haɗa bincike 15, suka ga yawancin waɗannan ma'aunai masu sarƙaƙiya ba sa ƙara wani abin kirki wajen hasashen walwalar mutum da zarar an sa matsakaicin yanayinsa a lissafi. Mai jarrabawa zai iya tambayarki wannan. Kuma kar ki haɗa amsar ƙarshe ta dare da ta farkon safiya kamar tazararsu ɗaya da sauran. Amsoshin ranar farko ma ki sa musu ido, mutane kan fara da nuna damuwa sama da yadda za su nuna daga baya.

Ki gwada da mutum kaɗan tukuna na 'yan kwanaki, ki zauna da su ki ji wace tambaya ce ta ba su haushi. Ki gaya min ko an yarda su riƙe waya a bakin aiki da kuma awa nawa suke yi a kowane zuwa, sai in turo miki jerin tambayoyin da na yi amfani da su a karo na biyu.