Ɗakin sanyi na hannu daga Kano: amsa ga wata mai sarin kifi a Damagaram

Wata Hajiya daga Sabon Gari ta aiko da tambaya. Tana sarin kifin ƙanƙara da kaji a katan, tana sayarwa a Kasuwar Dole. Firiza huɗu gare ta, sun yi mata kaɗan, musamman da azumi. An yi mata tallar ɗakin sanyi na hannu daga Kano da araha, kuma tana son ta riƙa saka tumatir da yawurt a ciki. Ta saya ko ta dakata?

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Bari in fara da tumatirin, don nan ne lissafinki ya karkace. Ɗakin sanyi iri biyu ne. Akwai mai daskarar da kaya, wanda ke sauka zuwa digiri 18 ƙasa da sifiri, shi kifi da kaji suke so. Akwai mai sanyaya kaya kawai, daga sifiri zuwa digiri 4, na yawurt da ɗanyen nama. Tumatir ko wannan ma ya yi masa yawa, wajen digiri 12 yake so. In ya daskare, yana narkewa sai ki ga ruwa da ɓawo. Ɗaki ɗaya ba zai yi miki aiki uku ba. Kifi ne uwar sana'arki, ki saya don kifi. Yawurt kuwa firij ya ishe shi, in ba so kike ya riƙa ƙarni ba.

To, wanne iri aka yi miki talla? Da yawa dillalin ma bai sani ba. Ki tafi da mai gyaran firiza naki na kanki, ya auna kaurin bangon. Mai daskarewa a zafinmu na Afrilu da Mayu, da rana ke haura digiri 40, santimita 15 nake so, ba 10 ba, kuma har daɓen a sa masa abin riƙe sanyi. Ya duba robar bakin ƙofa: a rufe ƙofar a kan ƴar takarda, in ta zaro ba gardama, sanyi na zurarewa ta nan, kuɗinki kuma na bin sa. Ya karanta farantin jikin injin. In gas ɗinsa R22 ne, ki sani duniya na kan janye shi daga kasuwa, cika shi sai ƙara tsada yake. A kuma tabbata ƙofar na buɗuwa daga ciki, don yaranki ne za su riƙa shiga.

Amma abin da ke kayar da mutane ba kuɗin sayen ba ne, ciyar da ɗakin ne. Irin waɗannan injuna galibi wuta mai layi uku suke sha, wato irin ta manyan injuna, ba wadda aka saba ja wa gida ba. Akwai ta a shagonki? Kin kuma tuna 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya aka ɗauki watanni. Firiza huɗu ƙaramin janareta ya riƙe su, ko ki kwashe biyu ki kai gidan ƴar'uwa. Ɗakin sanyi ba ya ɗaukuwa. Sai babban inji da gazuwal, da na'urar daidaita wuta. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ragar injin, sai ana kakkaɓewa a kai a kai.

Ki zauna da biro. Haɗa kuɗin wuta, gazuwal, gyara da haya na wata, ki raba da yawan katan da kike sayarwa. A misali, in ya kama jikka 300 kina sayar da katan 600, kowane katan ya ɗauki dala ɗari ke nan. Ribar katan za ta iya ɗaukar wannan? Ki yi lissafin da watan da kasuwa ta kwanta, ba da azumi ba.

A ganina, in cikowar ta azumi da salla ce kawai, ki ƙara firiza biyu ki bar sauran kuɗin a jari. In kuwa duk wata kina mayar da masu saye don rashin wuri, a kunna ɗakin a gaban mai gyaranki kwana biyu, da ma'aunin sanyi naki a ciki. Ki biya rabi, ragowar sai an haɗa shi a shagonki ya kai digirin da aka yi alkawari, da tsakar rana.