Ka je Ƙofar Ruwa da tsohon ƙarfen a hannunka

Jiya bayan la'asar ka ce mini, "Oga, laburaren nan ya cika girma. Ta yaya mutum zai san an riga an rubuta abin da yake nema? Ni na fi ganin sauƙin in rubuta nawa." Laburaren kod kake nufi, wato tarin abin da wasu suka riga suka rubuta don masu rubuta manhaja su ɗauka su yi aiki da shi. Lokacin ina da baƙo. Jawo kujera yanzu.

Mu fara da aikinka na makon jiya. Layi 30 na kod ka zuba don kuɗin rasit ɗin mai shagon atamfar nan na Kwari ya fito da waƙafi, 1,500,000 maimakon 1500000, kuma da aka sa kuɗi mai kwabo sai ya rikice. A Python, harshen da muke rubuta manhaja da shi, format(1500000, ",") ya gama magana. Ban yi maka faɗa ba, don na san ka nema. Sai dai kai naira da waƙafi ka yi ta bugawa, su kuwa masu laburaren mai raba dubbai suke kiransa. Kana tsaye a ƙofar shagon, amma da wani suna kake cigiya.

Wannan ba ciwonka ba ne kai kaɗai. A 1987 wasu masu bincike a Amurka sun riƙa ba mutane abu ɗaya su raɗa masa suna, suka tarar da wuya mutum biyu su dace a kan kalma guda, bai kai sau 20 cikin 100 ba.

To dubi bakanike. In wani ƙarfe ya ci a mota, ba ya dogara da suna, don abin da yake kira da shi a gareji ba lallai shi ne na bakin mai shago ba. Kwance tsohon yake yi, ya naɗe a tsumma, ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ya ce, "Irin wannan." Mu tsohon ƙarfenmu tambaya biyu ce: me zai shiga, me zai fito? Rubuta a takarda kafin ka taɓa kwamfuta. Misali, jerin kayan da aka sayar yau ya shiga, adadin kowanne ya fito. Da ka rubuta haka za ka ga babu ruwan atamfa a ciki, ƙidaya ce kawai, kuma ai ba kai ne farkon wanda ya buƙaci ƙidaya ba. Sai ka leƙa collections, wani sashe na laburaren Python, ga Counter mai yin ƙidaya yana zaune yana jiranka. Masu harshen Haskell har injin nema suke da shi, Hoogle, wanda za ka ba shi siffar abin shiga da abin fita ya jero maka duk fankshin, wato guntun kod mai yin aiki guda, da ya dace. Mu a Python sai mu yi da dir() da help(). Duk abin da ka riƙe, ka tambaye shi abin da ya iya.

Kuma daga gida ake fara nema. Ka sa grep, mai neman kalma a cikin fayiloli, ya bi maka kod ɗinmu na nan shago tukuna, don rabin abin da kake so yayyenka sun rubuta tun kafin ka zo, ko da yake sunayen da suka ba shi, Allah dai ya kyauta. In babu, laburaren da ya zo tare da harshen. Sai duk sun gaza za ka fita PyPI ko npm, rumbunan intanet da mutane ke ajiye kunshin kod ɗinsu don kowa ya ɗauka.

Can kuwa kasuwa ce, akwai na gaske akwai jabu. A watan Maris na 2016 wani ya janye ɗan kunshinsa left-pad daga npm, layi 11 kacal, sai ga manyan ayyuka a duniya sun ƙi haɗuwa. Abin da bai wuce haka ba, rubuta naka. Amma lissafin kwanan wata ko ɓoye kalmar sirri, kul na ga ka ƙera da hannunka. Kafin ka ɗauko kunshin wani, duba yaushe aka yi masa gyaran ƙarshe, ka karanta gwaje-gwajensa, don sun fi bayanin da aka rubuta faɗin gaskiya. Ka duba lasisi: MIT ba ya takura, GPL kuwa in ka rarraba manhajar sai ka buɗe kod ɗinka, kuma Alhaji bai biya mu don haka ba. Manhajar hirar da kake tambaya a waya ma, takan ƙago sunan kunshin da babu shi, sai ka tabbatar da idonka.

Yanzu je ka goge layi 30 ɗin nan. In ka gama, buɗe itertools, wani sashen laburaren Python, ka karanta kafin magariba. Gobe da safe zan tambaye ka abin da ya kamata a yi wa jeri kafin a miƙa shi ga groupby da ke cikin itertools ɗin.