Ɗana Yana da Jinkirin Magana, Makaranta Ta Ce In Tafi Kansil

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata uku ke nan da muka tare a Ingila da ɗanmu mai shekara shida. Bai iya haɗa magana sosai ba, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Na je makarantar da ke bayan gidanmu, suka ce ba gurbi, in tafi kansil. Me ya haɗa kansil da makaranta? In faɗa musu halin yaron, ko za su ƙi shi? In kuma ya ji ciwo a can, wa zai biya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya shi, ya buɗe bakinsa.

Ba korar ki suka yi ba. A Ingila, ƙaramar hukuma, wato kansil, ita doka ta ɗora wa alhakin tabbatar da cewa kowane yaro da ya kai shekarun karatu ya samu gurbi. Masu shiga firamare a farkon shekara suna cike takarda kafin 15 ga Janairu, amsa ta fito 16 ga Afrilu. Ku da kuka zo tsakiyar shekara, akwai takardarku daban a shafin kansil na intanet, kuma ba a wuce kwana 15 na makaranta ba tare da an ba ki amsa a rubuce ba. "Ba gurbi" da aka faɗa miki da baki a bakin ƙofa ba amsa ba ce. Ki cike takardar ko da sun ce sun cika, domin sai an ƙi ki a rubuce ne kike da damar ɗaukaka ƙara gaban kwamiti mai zaman kansa. Da wuya ƙarya suka yi miki: doka ta hana ajin 'yan shekara biyar zuwa bakwai ya wuce yara 30 ga malami ɗaya.

Maganar ɓoye halin yaron ita ta fi damuna, don na sha ganinta wajen mutanenmu. Uwa ta zauna gaban malama, hannu a cinya, a tambaye ta ko akwai wata damuwa, ta ce "lafiya lau", saboda a gida mun saba rufa wa ɗa asiri. Bayan wata shida sai ga kira kullum: ya ciji wani, ya ɓuya ƙarƙashin tebur. Don Allah kada ki yi haka. Dokar daidaito ta 2010 ta hana makaranta ƙin yaro saboda nakasa. Ki rubuta komai: kalma nawa yake faɗa, me yake yi in an yi hayaniya, ko yana iya zuwa bayi shi kaɗai.

Kowace makarantar gwamnati tana da malamin da ke kula da yara masu buƙata ta musamman, ana ce masa SENCO. Shi za ki nema ranar farko. Makaranta ce ke ɗaukar nauyin fam 6,000 na farko na ƙarin taimakon yaro a shekara. In buƙatarsa ta fi ƙarfin makarantar, sai a nemi takardar EHCP, wato takardar da ke tsara taimakon da yaro zai samu a ilimi, lafiya da kulawa, wadda dokar yara da iyali ta 2014 ta kawo. Ke da kanki za ki iya rubuta wa kansil ki nemi a auna shi. Ba sai likita ya sa wa lalurar suna ba, ba kuma sai makaranta ta amince ba. Suna da mako 6 su ce za su auna ko a'a, mako 20 daga ranar da kika nema su kammala takardar. A zahiri sukan makara, shi ya sa nake cewa ki ajiye kwanan watan kowace wasiƙa. Ƙarfin wannan takarda shi ne: makarantar da aka rubuta sunanta a ciki dole ta karɓe shi, ko da ajin ya cika 30. In sun ƙi aunawa, kina da wata biyu ki kai ƙara kotun musamman ta irin waɗannan yara.

Maganar wa zai biya in ya ji ciwo kuwa, inshora ba ta kanki. Makarantu na saya ta hannun kansil ko kamfani, wasu kuma suna cikin tsarin RPA na ma'aikatar ilimi, wanda ke tsayawa a madadin inshora. Amma diyya sai in sakacin makaranta ne ya jawo ciwon, kamar tsanin wasa da ya karye aka bar shi. Faɗuwar guje-guje galibi ba a biyanta.

Kafin ki cike komai, ki nemi ofishin SENDIASS na yankinku, masu ba iyayen yara masu buƙata ta musamman shawara. Kyauta ne, suna taimaka wa iyaye rubuta wasiƙar neman aunawa, kuma in Turancin taro zai ba ki wahala, ki gaya wa kansil tun da wuri kina buƙatar tafinta mai jin Hausa.